Marinar da Ba a Rini

Da na ce wa Maman Khadija gobe a marina za mu kwana, sai ta ajiye ludayi ta dube ni. "Malam, rini za mu kai?" Ita marina ɗaya ta sani, irin ta Ƙofar Mata a Kano. Ashe haka Turawa ke kiran wurin da ƙananan jiragen ruwa ke yada zango.

Lokacin ina karatu a Sintok, jihar Kedah ta Malesiya, inda mu 'yan Samaru mukan haɗu ranar Juma'a a tuƙa tuwo. A watan Janairu, sa'ad da hunturu ke fasa leɓe a gida, muka shiga jirgin fito daga Kuala Perlis. Awa ɗaya da 'yan mintuna sai ga mu a Kuah, babban garin Langkawi, mai tsibirai 99. Malamin da ke duba aikina ne ya haɗa mu da wasu dattawa 'yan Ostireliya, miji da mata, waɗanda suka sayar da gidansu suka tare cikin jirgi mai tafiya da iska. Za su tsibirin Rebak, suka ce mu zo mu raka su.

Ni da ban taɓa sanin ruwan da ya wuce kogin Galma da madatsar Kubanni na Zariya ba, na yi ta maza. Dattijon ya kashe inji, ya ja igiya, wani ƙaton farin ƙyalle ya buɗe, iska ta cika shi, jirgin ya karkata gefe guda kamar akori-kurar da aka yi wa lodin son zuciya. Maman Khadija ta damƙe hannuna tana salati. Gudun kuwa bai fi kilomita 10 a awa ba, mai keke ma ya wuce mu. Da azahar ta yi na ɗebi ruwan teku na yi alwala, ina tuna hadisin da muka karanta a zaure cewa ruwansa mai tsarki ne. Alƙibla ce ta ba ni wahala, don kafin in kai raka'a ta biyu jirgin ya juya.

Mashigar Rebak siririya ce, tana lanƙwasa tsakanin itatuwa, sai kawai ka tsinci kanka a wani tafki lif, jirage jere kamar dawakan hawan sallah a ƙofar fada. Duk da wannan ɓuya, igiyar tsunami ta 26 ga Disamba 2004 ta kutsa har ciki ta kakkarya gadojin da ake ɗaure jirage.

Na ɗauka hutu suka zo yi. Ina! Ana ɗaure igiya aiki ya tashi. Dattijon ya shige ƙarƙashin inji ya fito baƙi ƙirin, matarsa ta kwashi wanki himili guda. Wancan yana kankare ƙasan jirginsa da aka ɗaga kan tudu, wannan yana ɗinkin ƙyalle. Da yamma aka taru ana tambayar juna labarin hanya: ina iska ta dosa, wa ya bi Bahar Maliya, wa ya gwammace ya zagaya ta Afirka ta Kudu saboda 'yan fashin teku. Sai na tuna kakana da labarin fataken Gwanja. Zango ne sak, sai dai nan kowa madugun kansa. Dattawan namu ma sun nufi Galle ta Siri Lanka, tafiyar sama da mil 1,000 ta teku, kuma dole su tashi kafin iskar arewa maso gabas ta faɗi wajen Maris. Da dare sukan raba gadi, awa uku-uku, ɗaya na barci ɗaya na tuƙi.

Abin da ya haɗa matan biyu shi ne ruwa. Tankin jirgin lita 400 ne. Maman Khadija ta lissafa da yatsu ta ce, "Jarka 16 ke nan, ko kura biyu ta mai ruwa ba su cika ba." Baturiyar ta shiga yi mata bayanin yadda ake tattalin ruwa, ba ta san da 'yar Zariya take magana ba, wadda ta yi shekaru tana tashi tsakar dare ta tari famfo. Ta bar ta ta gama, sannan ta ciro butarmu daga jaka, ta wanke kwanoni shida da ruwan buta ɗaya, har da ragowa. Dattijuwar ta karɓi butar tana jujjuya ta kamar ta ga abin gidan tarihi.

Da safe muka yi sallama, muka bar musu ita.

Bayan mun dawo gida, ranar da muka je gaida Hajiya a Tudun Wada, hoto ya shigo ta WhatsApp: ga teku ba iyaka, ga butarmu shuɗiya ɗaure da igiya a jikin ƙarfen jirgi. Hajiya ta gyara tabarau ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Allah sarki. To ku da me kuka yi alwala a hanya?"