Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Kirsimeti a Monrobiya

Makon jiya na tsaya a kan tsagaita wutar yaƙin basasar Laberiya da aka ƙulla a Bamako ƙarshen Nuwamban 1990. Ƙarar bindiga ta lafa, amma yunwa tana nan daram a Monrobiya, babban birnin Laberiya.

Kirsimeti ta riske mu da wata huɗu cif a Laberiya, don ran 24 ga Agusta jiragen ruwa suka sauke mu, dakarun ECOMOG, wato rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, a tashar Freeport. Lokacin Kirsimetin, Manjo Janar Joshua Dogonyaro ke riƙe da rundunar. Su kuwa 'yan ƙasar, wannan biki fami yake musu, domin a jajiberin Kirsimetin 1989 ne madugun 'yan tawaye Charles Taylor ya kutso da mayaƙansa ta yankin Nimba. Shekara guda ke nan ba su runtsa ba.

Daren jajibere Sajenmu ya same ni a shingen bincike. Kirista ne, mutum mai tsare gida, ban taɓa ganin haƙorinsa ba.

"Kofur, ba oda na zo bayarwa ba, alfarma ce. Ku Musulmi za ku riƙe mana gadin safe mu samu mu yi addu'a?"

Na ce, "Haba Oga Saje, ai ko ba ka tambaya ba."

Mu shida muka tsaya tun asuba har rana ta take. Daga inda nake ina jiyo waƙarsu, muryoyin ƙarti duk sun dushe, wani ma kuka ya sarƙe shi a tsakiya.

Abin da ya sa har yau nake ganin girman mutanen nan shi ne abin da suka yi bayan addu'ar. Ɗan ƙarin guzurin da aka raba musu na biki, suka tattara shi a kwali uku, suka ce gidan marayu za a kai. Ni aka sa rakiya. Hanyarmu ta bi ta Sinkor, gaban cocin St. Peter's Lutheran, inda sojojin shugaban ƙasar na lokacin, Samuel Doe, suka kashe mutum wajen 600 a watan Yuli. Ba wanda ya ce uffan a motar.

A gidan, wani yaro da bai fi shekara bakwai ba ya karɓi biskit ɗinsa da hannu biyu, ya cusa cikin riga. Ƙafafunsa a kumbure. Na yi masa alama ya ci, ya girgiza kai. Dattijuwar da ke kula da su ta matso kusa da ni, ta yi ƙasa da murya: ƙanwarsa yake ajiye wa, ita kuwa sati uku ke nan da binne ta.

Saje ya durƙusa, ya ɓare wani, ya gutsura, ya miƙa masa ragowar a baki. Sai a sannan yaron ya tauna. Na cikin rigar bai taɓa shi ba.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan kawo labarin wasiƙar farko da ta iso mini daga gida.