Sulusin matar mamaci a gandayen taba na Birjiniya

A watan Yulin 1757 Daniel Parke Custis ya rasu a Birjiniya, da ke Amurka ta yau, lokacin tana ƙarƙashin Ingila, kuma bai bar wasiyya ba. Ya bar matarsa Martha mai shekara 26, da yara biyu ƙanana, da ƙasar noma kimanin eka 17,500, da bayi kusan 300.

Dokar Ingila ta ba matar mamaci sulusi. Wanda ya saba da tumunin takaba zai ce ai ta caɓa, tunda sulusi ya fi tumuni nesa ba kusa ba. To amma tumuni mallaka ne, mace ta ga dama ta sayar, ta ga dama ta yi kyauta. Sulusin Martha na ƙasa da bayi kuwa na moro ne kawai, iya tsawon rayuwarta. Ba dama ta sayar da gonar, ba dama ta 'yanta bawa ko ɗaya, domin asalin dukiyar ta magadan mijin ce.

Aikin farko shi ne ƙidaya. Kotu kan naɗa masu ƙiyasi su rubuta komai da kuɗinsa, daga cokali zuwa doki, har da mutane, kowa da sunansa da farashinsa. Sai biyan bashi da karɓo bashi. Sannan taba, wadda ita ce ke riƙe da gidan. Ana danƙare busasshen ganye a manyan gangunan katako, kowace nauyinta wajen fam 1,000, a kai rumbun dubawa bisa dokar 1730, inda ake ƙone marar kyau. Mai kyau a loda ta a jirgin ruwa zuwa wurin dillalai a Landan, irin su Robert Cary. Su sayar, su cire la'ada da kuɗin jirgi da haraji, su aiko da kayan da aka yi oda.

A nan ake yawan faɗawa rami. Ana yin odar kaya tun ba a san nawa tabar za ta kawo ba, lissafi sai bayan watanni yake isowa, ga taba na cinye ƙarfin ƙasa cikin shekara uku zuwa huɗu. Martha ba ta yi sanya ba: makonni kaɗan da rasuwar ta rubuta wa dillalan cewa yanzu da ita za su yi magana, kuma tana sa ran farashi mai kyau.

Wannan iko bai kai shekara biyu ba. A Janairun 1759 ta auri George Washington, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka na farko, doka kuma ta miƙa wa sabon miji ragamar sulusin. Bayin gidajen biyu suka yi ta auratayya a Mount Vernon, gandun Washington, ɗa kuwa a dokarsu uwa yake bi. Da Washington ya rasu a 1799, wasiyyarsa ta tanadi a 'yanta nasa 123, amma ba ta da iko a kan 153 na gādon Custis. Bayan rasuwar Martha a 1802 aka raba waɗannan tsakanin jikokinta huɗu, wani magidancin yana da 'yanci, matarsa da 'ya'yansa an tafi da su wani gandun.