Yadda na nemo 'yan ajinmu na Azare bayan shekara talatin

Mun kammala NCE, wato karatun takardar shaidar malanta, a 1991 a Kwalejin Ilimi ta Azare, wadda yanzu ake kira Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh. Ranar rabuwa, abin da kowa ya bar wa ɗan'uwansa shi ne adireshi a bayan littafi: akwatin gidan waya na wata firamare, ko kuma "ta hannun hedimasta". Wayar hannu ta GSM sai 2001 ta shigo ƙasar nan, lokacin kuwa gara ta daɗe da cinye littattafan. Ga kuma 1996, da gwamnatin Abacha ta yanke jihar Gombe daga Bauchi. 'Yan Kumo da Dukku da Bajoga da Kaltungo da Billiri duk aka bi su da fayil ɗinsu zuwa sabuwar jiha. Mutanen da a da kuke cin karo a sakateriya ko wurin bita, sai dai ka ji labarinsu a bakin wani, in ma ka ji.

Aikin ya faɗo kaina ne don ni ne shugaban aji a shekararmu ta ƙarshe, kuma sarauta ce da ba a tuɓe mutum daga kanta. Wani ɗan ajinmu ya rasu a Misau, ba mu ji ba sai bayan an yi sadakar arba'in da daɗewa. Abin ya sosa ran mutane, aka ce in buɗe zaure a WhatsApp in tattaro kowa.

Farkon abin ba wuya. Waɗanda Allah ya ɗaga su ne suka fara shigowa, kusan da ƙafarsu: wanda ya zama darakta a ma'aikatar ilimi, wanda ya ƙaro karatu har digiri na uku yana koyarwa a jami'a, wanda ya taɓa yin kansila. Hotuna suka yi ta zuba, na Makka, na ɗaurin auren 'ya'ya, na jikoki da kayan Sallah. Wanda ya leƙa zauren a lokacin sai ya rantse ajinmu ba a haifi talaka a ciki ba. Amma da na ɗauko hoton yaye mu, mai baƙi da fari, na riƙa bin fuskoki da ɗan yatsa, sai na ga waɗanda suka amsa ba su kai rabi ba.

Sauran ba a intanet ake samunsu ba. Da yawa ƙaramar waya mai tocila gare su. Abin da ya yi mini aiki shi ne ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, da na ƙungiyar malamai ta NUT, sai direbobin tasha, waɗanda babu ƙauyen da ba su san malaminsa ba. Al'adarmu ta sa sunan gari a ƙarshen suna ita ma ta taimaka ƙwarai, don ko ba komai ka san tashar da za ka nufa. Masu laƙabi ne suka ba da wuya. Akwai wanda shekara uku muna ɗaki ɗaya, ba wanda ya riƙe sunansa na yanka. Ka je garin mutum kana tambayar dattijo mai jikoki da sunan tsiyar da aka sa masa a ɗakin kwanan ɗalibai, ai sai a yi maka kallon wanda ya zo neman rigima.

Ɓangaren mata kuwa na cire hannuna tun da wuri. Aure ya kai wasu Kano, wasu Jos, wasu Yola, kuma a unguwarsu ba wanda ya san su sai da Maman wane. Bayan haka, zama aji ɗaya shekara talatin da suka wuce ba hujja ba ce ta kiran matar mutum. Wata Hajiya 'yar ajinmu, tsohuwar shugabar wata sakandaren 'yan mata, ita ta ɗauki wannan aikin, kuma ta fi ni samun nasara nesa ba kusa ba. Ashe su matan ba su taɓa rabuwa ba, biki da suna suna haɗa su.

Wanda ya sauya mini salon tambaya shi ne wani da na samu a kasuwar wani gari a yankin Darazo. A ajinmu shi ne gwanin lissafi, shi muke taruwa a kansa daren jarrabawa. Na tarar da shi a rumfar hatsi, zaune kan buhu, yana share bakin tiya da tafin hannu yana auna wa wata mata gero. Ya ɗago ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce, "Shugaba! Kai ne da furfura haka?" Ya sa aka kawo fura da nono, muka zauna har la'asar. Ya bar koyarwa tun shekarun da malaman firamare kan yi wata da watanni ba albashi. Da na kawo zancen zaure sai ya yi dariya, ya ce, "Malam, me zan je in ce a tsakiyar daraktoci? Ka dai riƙe lambata, in an yi rasuwa ko aure ka kira ni." Na lallashe shi, ya ƙi. Amma kafin in tashi ya lissafo mini inda wasu 'yan ajinmu suke, mutanen da duk daraktocin nan ba wanda ya san ko suna raye.

Tun daga ranar na daina tambayar mutum ina yake aiki. Tambaya ce da ke sa wanda bai samu ba ya ja baya. Yanzu nakan tambayi inda yake zaune, lafiyar iyali, sannan wa yake da labarinsa. Ta ƙarshen nan ita ta fi kawo mini mutane.

Labarin da ya fi yawa a tsakaninmu yanzu na ritaya ne. Ƙa'idar aikin gwamnati shekara 35 ce a bakin aiki ko shekara 60 da haihuwa. A 2022 Buhari ya sa hannu kan dokar da ta kai na malamai shekara 40 ko 65, amma kowace jiha da yadda ta ɗauki abin, don haka muhawara ba ta ƙarewa. Yayyenmu da suka zo kwalejin da tsohuwar takardar malanta ta Grade II, suna cikin aiki tun kafin NCE, su tuni suka ajiye. A bakinsu muke jin abin da ke gabanmu: fansho ya fara shigowa, giratuti kuwa sai haƙuri. Sai zancen hawan jini da ciwon suga da ciwon gwiwa, wanda yanzu ya maye gurbin zancen ƙwallo.

Dokokin zauren ba a zaune aka tsara su ba, kowace sai da wani abu ya faru. Wani ya taɓa sanar da rasuwar ɗan ajinmu, aka yi ta zuba addu'a, can sai ga mamacin ya shigo da muryarsa yana cewa takwaransa ne ya rasu, amma ya gode, ya ga masu ƙaunarsa. Daga nan ba a sa labarin mutuwa sai an ji daga bakin iyali. Zaɓen 2023 ya kusa watsa mu, aka hana zancen siyasa gaba ɗaya. Akwai Musulmi, akwai Kirista daga Billiri da Kaltungo da Tafawa Ɓalewa, har da wanda ya zama fasto, shi ya sa taronmu ranar Asabar ne, kuma wa'azin da ake turowa daga wasu zaurukan mun ce kowa ya bar shi can.

Kuɗi shi ne inda irin wannan zumunci ya fi mutuwa. Asusunmu mutum biyu ke sa hannu, ɗaya daga Bauchi ɗaya daga Gombe, Hajiya ke riƙe da lissafi tana fitar da shi duk ƙarshen wata. Ba mu yanka wa kowa adadi ba, kuma ba a buga sunan mutum da abin da ya bayar. Wasu manyan ba su so hakan ba, ni kuwa a nan ban sassauta ba. Mai hatsin nan na Darazo, da har yau bai shiga zauren ba, gudummawarsa ba ta taɓa makara ba, ta hannun direba take zuwa.

Taron shekara muna karɓa-karɓa ne tsakanin Bauchi da Gombe. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya hana wasu zuwa, sai muka fara biya wa 'yan fansho daga asusu ba tare da sanarwa ba. Bana 'yan Gombe sun ce a haɗu a Alƙaleri tunda kan hanya take, 'yan Katagum kuma sun ce sai dai a koma Azare. Har yanzu ana kai.