Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Tambayar da ta jawo mini suna

Yau zan koma baya kaɗan, don akwai abin da ya tsaya mini a wuya tun ƙuruciya.

A makarantar Lahadi ne. Muna karatun Fitowa sura 33 a Littafi Mai Tsarki, na ga a aya ta 11 Ubangiji yana magana da Musa fuska da fuska, kamar mutum da abokinsa. Ban juya shafi ba sai ga aya ta 20, cewa ba mai ganin fuskarsa ya rayu. Na ɗaga hannu na ce, "Malam, wacce ce gaskiya?" Ya cire tabarau, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce ajin su yi mini addu'a, shaiɗan ya shige ni. Yaya ta riga ni zuwa gida da labarin. Har na yi aure, in ta bushi iska sai ta kira ni mai gardama da Allah. Na yafe mata, amma mantuwa ta gagara.

Kawu kaɗai ne bai zare mini ido ba. Ya ɗauko tsohon Littafinsa, fassarar 1932, bangon duk ɗinki, ya ma ƙara mini wasu: Ishaya ya ce ya ga Ubangiji zaune a kursiyi, Yahaya kuwa ya ce ba wanda ya taɓa ganin Allah. Sannan ya ce, "Tulu ba ya kwashe kogi, amma ruwan cikinsa na kogin ne." Ya ɗora yatsa a ƙarshen surar nan ta Fitowa. A tsagin dutse aka sa Musa, aka rufe shi da hannu, bayan Ubangiji kawai ya hango.

Shekarun aiki da haihuwa ba ni da abin faɗa a kansu. Sai lokacin jinyar Inna, wani dare ina karanta mata Afisawa 3:19, inda Bulus yake roƙo mu san ƙaunar Almasihu wadda ta fi gaban sani. Na tsaya cak. Tulun Kawu ne ya dawo mini. Zabura 145 ta ce girman Allah ya fi gaban bincike, duk da haka mai zaburar bai fasa yabonsa ba.

Malamin nan, da ya daure ya karanta mana har aya ta 23, ƙarshen surar, da bai kunyata ni gaban yara ba. Kawu bai yi makarantar tauhidi ba, amma ya fi shi riƙe Littafin.

Mako mai zuwa zan faɗi yadda muka ƙare da Yaya ranar rabon kayan Inna.