Ranar da Kawu ya sa na juya waya wajen makaɗa

Kawuna tsohon mahauci ne a Jos, kuma a zamanin samartakarsa ya sha ɗaure hannu ya shiga fagen dambe, amma yanzu ciwon ƙafa ya zaunar da shi a gida. Saboda haka duk ranar da na samu sukunin zuwa gidan damben Dei-Dei a nan Abuja, nakan haska wasan kai-tsaye ta shafina na Facebook, jikokinsa kuma su riƙe masa waya yana kallo daga kan tabarmarsa.

A karon farko na yi abin da kusan kowa yake yi, wato na saita wayar a tsakiyar fage ina jiran kisa, lokacin da naushi zai kai hannun ɗan dambe ko gwiwarsa ƙasa jama'a su ɗauki sowa. Ba a gama turmin farko ba sai ga saƙo daga ɗaya daga cikin jikokin, cewa Kawu ya ce in juya wayar wajen makaɗa. Na juya ba da son raina ba, domin a ganina na bar wasa na koma kallon masu kalangu. Da dare na kira shi in yi masa bangajiya, sai ya ce da ni, "Ɗana, kai naushi ka je kallo, ni kuwa take nake saurare."

Daga nan ya shiga yi mini bayanin abin da na daɗe ina ji ba tare da na fahimta ba. Kalangu magana yake yi, kowane gwarzo yana da takensa, kuma idan makaɗi ya taɓo shi za ka ga mai taken ya miƙe yana tsuma tun kafin a kira sunansa. Cikin kirarin da yake yi akwai garinsu, akwai ubangidan da ya rene shi, akwai waɗanda ya kashe a fage, har da ɓangaren da yake tsaya wa, Kudu ne ko Arewa ko Guramada. Hannun da aka naɗe da zare shi ne mashi, ɗayan kuma garkuwa, kuma asalin wasan na mahauta ne da suke bin garuruwa bayan kaka. Duk wannan ba ya fitowa a guntayen bidiyon da ake yankowa ana yaɗawa, inda daga naushi sai faɗuwa. A nan ne nake ganin haskawa kai-tsaye ta fi su daraja, domin ba ta yanke komai, tana ɗauko jira da kiɗa da zagayen fage da ɗagawar hannu, ko da kuwa hannun mai wayar yana rawa kuma ƙura ta turnuƙe hoton.

Sai dai yaɗawa daban, adanawa daban. Tun watan Fabrairun 2025 Facebook ya sanar cewa bidiyon kai-tsaye kwana 30 zai yi a shafi kafin a goge shi, sai fa wanda mai shi ya sauke ya ajiye. Hukumar UNESCO ta sanya bikin kamun kifi na Argungu cikin jerin al'adun da duniya ta gada a 2016, ta sanya hawan Sallah na Kano a 2024, kuma irin waɗannan suna da gidajen talabijin da suke ɗaukarsu duk lokacin da aka yi su. Taken ɗan damben da ya yi wasa ranar Lahadi da yamma a Dei-Dei kuwa, sau da yawa wayar ɗan kallo ce kaɗai ta ɗauke shi.

Yanzu kafin in fara haskawa nakan je in gaida makaɗa in nemi izininsu, in kuma yi musu ɗan liƙi, tunda sana'arsu ce nake ɗauka. Idan na koma gida sai in sauke bidiyon a kwamfuta, in rubuta ranar da sunayen waɗanda suka kara. Duk lokacin da na je Jos nakan kunna wa Kawu su ɗaya bayan ɗaya, in ajiye wata wayar a gefensa tana naɗar muryarsa yana fassara abin da kalangu yake cewa. A zuwana na ƙarshe mun yi bidiyo huɗu kafin a kira sallar magariba, saura tara suna jiran hutun Sallah.