Teburin wani, kujerun wani, ɗakin cin abincinmu

Masu ta tambayata a Instagram wai wane kamfani ne ya yi mana kayan ɗakin cin abinci, ku yi haƙuri, babu wani kamfani. Duk abun da kuka gani a hoton da na saka a can na hannu ne, wasu ma sun girme ni nesa ba kusa ba.

Gidan dai baban maigida ne ya gina shi a nan Kano wajen 1975, lokacin da kuɗin Udoji, wato ƙarin albashi, ya shigo hannun ma'aikatan gwamnati kowa ya hau gini da sayen babur da rediyo. Irin ginin lokacin ne sak, ƙasa tarazo, tagogi luba, silin can sama, sannan akwai wata 'yar taga tsakanin kicin da ɗakin cin abinci wadda ake miƙo kwano ta ciki. Da muka dawo gidan ɗakin ya daɗe da zama sito, buhunan masara ne da tsohon keken ɗinki da katifun da ba mai kwana a kai.

Na zaga shagunan sababbin kaya fa, kar a ce ban je ba. Komai fari fat da ratsin gwal, ana ce maka ɗan Turkiyya ne ko ɗan Dubai, amma kana leƙa ƙasan teburin sai ka ga MDF ne, wato garin katako da aka cakuɗa da gam aka matse. Abun nan ba ya shiri da ruwa ko kaɗan, kuma ni gidana yara ne, yau an zubar da miya gobe an kifar da kofin kunu, ga mofa kullum safiya, to ƙafar tebur ɗin za ta kumbura ta fara ɓarewa tun ba a gama jin zafin kuɗinsa ba. Balle ma a kan tarazon nan mai ɗigo-ɗigo farin kaya mai ƙyalli sai ya zama kamar baƙon da ya ɓata hanya.

Dillaliya ce ta fitar da ni. Duk wadda ta zauna a cikin gari ta san ba abun da ke cikin ɗakunan mutane da dillalai ba su sani ba, wa za ta canza jere, wa za su koma Abuja, gidan wa za a raba gado. Na ce mata Hajiya ni fa tsohon katako nake so mai nauyi, ta kalle ni ta ce "'Yar nan kowa na neman na yayi ke kina neman na kakanni?" Amma ta nemo. Wani tsohon gida ne a Nasarawa GRA magada suka sayar za a rushe, ana fitar da kaya, a ciki har da teburin madaci mai cin mutum takwas, fentinsa duk ya dafe, saman kuma ga shatin gindin tukunya baƙi ƙirin a gefe ɗaya. Sai da ƙarti huɗu suka kama shi kafin ya hau a-kori-kura.

Kafin in biya na ɗauko wani dattijon kafinta daga 'Yan Katako na Na'ibawa, kuma a nan na ga aiki. Bai ko kalli saman ba, cewa ya yi a kifa shi. Ya bi mahaɗar ƙafafun da yatsa ya nuna min ba ƙusa ko ɗaya, fafe katakon aka yi aka zura wani cikin wani aka soke da turun katako. Ya ƙwanƙwasa ko'ina da bayan sukundireba yana saurare, wai inda gara ta ci daga ciki ƙarar fanko yake yi, ya kuma duba ko akwai ƙananan huji masu zubar da gari. Sannan ya faɗi maganar da ta sa na daina ciniki, ya ce "Hajiya wannan ya sha hunturu ya fi hamsin, duk tsukewar da zai yi ya gama. Sabon da za a yi miki yanzu ɗanyen katako ne, hunturun farko zai tsage." Kuma gaskiyarsa, duk mai sabuwar ƙofar katako a garin nan ya san yadda take ƙin rufuwa da damina, iskar hunturu na kaɗawa kuma ta saki har kana hango tsakar gida ta tsagar.

Na so a yi masa fenti ya hana. Samfefa ya sa ya goge shi tas har jan madacin ya fito, ya shafa Solignum a ƙasan ƙafafu sabida gara, ya bi da fanish. Shatin tukunyar bai fita duka ba, na ce a bar shi haka nan.

Kujeru kam ba su zo a saiti ba, huɗu iri ɗaya ne sauran kowacce da inda ta fito. Yadi ɗaya na sayo a Kantin Kwari aka rufe mazauninsu duka, in ba an faɗa maka ba ba za ka lura ba.

Kabet ɗin gilas da ke jikin bango na surukata ne, tun na jerenta, da kwallaye da tasoshin da ta ƙi rabuwa da su. Na wanke su na jera, na ƙara da akushi biyu da faifai daga Kasuwar Kurmi. Ita ce ma ta fi kowa adawa da farko, wai ta ya za a ci abinci a kan kayan mamaci, ba a san hannun da ya bi ba. Maigida ya ce "Umma ai gidan ma na mamaci ne, Allah ya jiƙan Baba." Ta yi dariya ta ce ja'iri, daga nan ba ta sake tada zancen ba. Har yau dai ita a tabarma take cin tuwonta a gefen teburin, yaran ma rabinsu gun ta suke sauka, ni kuma ban ga laifin hakan ba tunda ɗakin da faɗi.

Kuɗin da na kashe gaba ɗaya har da ladan dillaliya da aikin kafinta da na mota bai kai rabin abun da aka ce min a shago ba. Wahalarsa kawai jira, dan ba abu ba ne da za ka shiga yau ka nuna a ɗauko maka, sai an dace.

Yanzu saura agogon bango nake nema, irin mai lilo ɗin nan da ake murɗawa da makulli. Wanda ya san gidan da za a fitar da shi dan Allah ya taɓa ni, ko ba ya aiki ina so, akwai mai gyara a Sabon Gari.