Tarihin Rayuwata, kashi na 9: Ranar da na ga ƙasusuwan ƙafata

A makon jiya na tsaya ne a daidai saukarmu Landan cikin hunturun 1959, lokacin da Baba ya je ƙaro karatu ya tafi da mu, ina ɗan shekara shida. Takalmin da na zo da shi daga Zariya bai yi sati ba sanyi ya kore shi. Ranar Asabar aka kai ni kanti.

Wata Baturiya ta sa mini sabon takalmi, ta ja ni wajen wani akwatin katako mai sheƙi da ya kusa kai ƙirjin Baba. Sunansa Pedoscope, a garin St Albans na Ingila ake ƙera shi. Na hau 'yar matakala, na zura ƙafafuna a wata kafa da ke ƙasa. A sama akwai tagogin leƙe uku: ɗaya na yaro, ɗaya na iyaye, ɗaya na mai kanti. Ta danna maɓalli, abin ya fara gunji a hankali. Da na leƙa sai ga wani koren haske, ga ƙasusuwan yatsuna goma a jere cikin inuwar takalmi. Na motsa babban yatsa, ƙashin ma ya motsa. Daɗi ya kama ni, na ce a sake. Aka sake har sau uku.

Baba ya ce Inna ta zo ta ga ikon ilimi. Tana leƙawa ta ja da baya tana salati.

"Malam, sauke yaron nan. Mai rai ba ya kallon ƙashinsa."

Ni ɗan fari ne. Inna ba ta kiran sunana, ba ta riƙe ni a gaban mutane. Amma ranar ta ajiye kunya, ta kama hannuna ta fizgo ni. Ta durƙusa ta danna kan takalmin da babban yatsanta, yadda ake yi a kasuwa, ta ce ya yi daidai. Har yau ina jin ɗumin tafin hannun nan. Ba ta ƙara yarda an ɗora ni a kai ba har muka dawo gida.

Sai da na girma na san cewa injin eksire ne sosai a cikin akwatin, a ƙarƙashin ƙafa, yana harbo haskensa sama zuwa jikin yaro, wani kuma yana yoyo ta gefe. Tun 1949 likitoci a Amurka suke gargaɗi a kansa, ga shi injinan sun kai wajen 10,000 a kantunan ƙasar. Jihar Pensilbaniya ce ta fara hana su a 1957. A Ingila kuwa sun kai shekarun 1970 ana amfani da su. Wato ranar da aka ɗora ni, an riga an san hasken yana da illa. Wannan ne yake ci mini rai.

Baturiyar nan ma tana yawan faɗo mini. Na ga ta cusa hannu cikin kafar tana matsa takalmin, injin yana kunne. Ni sau uku na hau, ita kuwa haka take yi safe da yamma. An samu masu irin aikinta da fatar hannunsu ta lalace. Matashiya ce, mai fara'a, har alewa ta ba ni da za mu fita.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin ranar farko da na shiga makaranta da wannan takalmi.